Yadda Dedo Ya Koma Sahun Jana'iza

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko mutum biyu ne a gabana aka ce in yi magana sai harshena ya yi nauyi. Amma kakana, Dedo Shefik, ya ce in ban rubuta ba shi zai ba da labarin a shagon kofi yadda ya ga dama, ya kuma cire ni daga ciki. Shi ya sa na zauna.

Dedo mahaifin mahaifiyata ne. Tun da ta rasu, mahaifina kuma ya tafi aiki Jamus, mu biyu muke zaune a gidanmu na kan tudu, a wani ƙaramin gari a tsakiyar Bosniya. Ciwon suga ne ya tafi da idanunsa, sannu a hankali, har ya zama hasken taga kawai yake ganewa.

Lokacin da yake gani, ba a jana'iza a garin nan ba da shi ba. Kullum da safe in ya sauka sayen burodi sai ya tsaya gindin katuwar bishiyar bakin gada, inda ake manna sanarwar rasuwa, mai koren gefe ta Musulmi, mai baƙin gefe ta Kirista. Sai ya karanta duka kafin ya wuce. Masallaci ne ko coci, in ya san mamacin zai je. Da idanun suka tafi bai daina zuwa bishiyar ba, sai dai ya tsaya da farar sandarsa yana jiran wanda zai karanta masa. Wani ya karanta suna ɗaya ya ce yana sauri, wani ya ce babu kowa yau alhali takardu sun cika jikin bishiyar.

Ni ina aiki a shagon buga takardu na Amija Ziyad, kamar a ce Baffa Ziyad, wanda yake buga waɗannan sanarwoyi. Nawa aikin yanka takarda da yawon mannawa. Da yamma nakan kawo masa kwafi in karanta masa, amma karatuna a hankali yake.

"Ilhana, kafin ki gama haɗa baƙin nan an binne shi, an dawo, an sha kofi," haka yake ce mini.

Wata shekara a lokacin kaka na tafi garin Zenica taya gwaggona zaman jego. A satin nan Munib ya rasu, mutumin da shi da Dedo suka yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa a masana'antar katako. Ba wanda ya tuna ya hau tudu ya gaya wa Dedo. Daga baya maganar matar Munib ta zo kunnensa, wai kowa ya zo ban da Shefik. Daga ranar ya daina sauka. Sai ya zauna kusa da murhu da rediyo, burodin ma ni nake sayowa. Na ce zan riƙa buga masa waya daga shago duk wadda ta shigo, ya ce shi ba ya son mutuwar da aka zaɓo masa.

Sanela, 'yar Amija Ziyad, aikinta gina shafukan intanet a Sarayevo. Ita ta yi wa shagon shafi inda ake sa kowace sanarwa, saboda 'yan garinmu da ke ƙasashen waje. Dedo kuma yana da wayar da mahaifina ya aiko masa, irin wadda take faɗin duk abin da yatsa ya taɓa. Wata rana na buɗe masa shafin na sa yatsansa a kai. Wayar ta ce, "Hoto." Ya ja yatsa ƙasa, ta ce, "Hoto." Ya sake ja, ta sake cewa haka.

"Allah ya ji ƙan Hoto," in ji Dedo. "Bawan Allah ya mutu sau uku a rana ɗaya."

Ya miƙo mini wayar ya juya wajen rediyonsa.

Da Sanela ta zo hutu na yi ta shirya maganar a raina, amma da na tsaya gabanta sai ta ƙi fita. Sai kawai na ajiye wayar Dedo a kan teburinta na ja yatsa a kan shafin. Ta saurara, ta yi 'yar dariya. Ta bayyana mini cewa hoton takardar kawai take sawa, muryar waya kuwa rubutu take karantawa, hoto a wajenta bango ne. Ta ce laifin shafin ne, ba na wayar ba, kuma ba za ta koma Sarayevo ba sai ta gyara.

Ta kuwa gyara. Ta rufe idanunta ta saurari sanarwa guda daga sama har ƙasa, ta ji yadda muryar take jero sunayen waɗanda mamaci ya bari, 'ya'ya da surukai da jikoki da dangogi, har ta gaji. Suka yi shawara da mahaifinta cewa bai kamata a wahalar da makaho da wannan dogon jeri ba. Sai ta taƙaita: suna, shekarar haihuwa, lokacin jana'iza da wurin. Don tausayi ta yi.

Dedo ya ji daɗi ƙwarai da farko. Yana karyawa yana jan yatsa, yana gyara wa muryar yadda ake faɗin sunayen ƙauyuka.

Ana nan wata safiya, bayan na fita, aka sa wata sabuwar sanarwa. Wayar ta ce masa Nusret Mulic ya rasu, shekarar haihuwa kuma ta yi daidai da ta abokinsa Nusret, wanda suke buga dara tare tun suna samari. Dedo bai kira ni ba. Ya sa baƙar kwat ɗinsa da hularsa, ya laluba ya sauka kanti ya sayi garin kofi da sukari mai ƙwaya kamar yadda ake kai wa gidan makoki, ya hau unguwar su Nusret shi kaɗai yana share hawaye. Karon farko ke nan da ya fita tun rasuwar Munib.

Ya ƙwanƙwasa, aka buɗe. Ya fara ta'aziyya, yana zaton wani daga cikin 'ya'yan gidan ne a gabansa.

"Shefik, wa ya mutu?"

Dedo ya gane muryar. Ya ce, "Kai. Kai ne ka mutu."

"Ban samu sarari ba tukuna, uwargida Fadila ta sa ni gyaran murhu. Mene ne wannan a hannunka?"

"Kofin makokinka."

"To kawo. In ya so ranar da ta zo ka taho hannu rabbana."

Wanda ya rasu wani Nusret Mulic ne daban, daga wani ƙauye bayan dutse. Duk mai ido da ya kalli takardar ya ga fuskar ya san ba namu ba ne. Nusret ba shi da mugunta, amma ba shi da riƙon baki. Kafin la'asar labarin ya gama gari. Washegari da Dedo ya yi ƙarfin hali ya leƙa shagon kofi, yana shiga wani ya ce kowa ya ɓoye sunansa, ga Shefik da wayarsa. Wani ya tambaye shi wa zai kashe yau. Ya yi dariya tare da su, ya sha kofinsa, ya dawo gida ya jefa wayar cikin durowa ƙarƙashin cokula. Na ga ya rataye kwat ɗin can cikin kabad, ba a bayan ƙofa inda ya saba ba, na san ya sake rufe kansa, wannan karon har da kunya a kai.

Sanela da ta ji, ba aike ta yi ba, da kanta ta hau tudu. Ta cire takalmi ta zauna, na dafa kofi. Dedo ya yi kamar bai san da ita ba. Ba ta ba shi dogon haƙuri ba. Tambayarsa ta yi, lokacin da yake gani, ina idonsa yake fara sauka in ya tsaya gaban takarda.

Ya ce fuska. Daga fuska sai ya sauka can ƙasa, wajen waɗanda aka bari, don a nan ake sanin ɗan gidan wa ne, surukin wa ne, kuma ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa. Suna kuwa a ƙarshe yake dubawa, garin da rabin mutanensa sunan kakanninsu ɗaya.

"Na ɗauka jerin zai gajiyar da kai ne, Dedo Shefik," in ji ta.

"'Yar Ziyad, kin ga makaho sai kika rage masa abinci. Cikina ne ya makance?"

Ta yi dariya har ta ƙware da kofi. Ta ce to ba za ta sake yanke wa kowa abin da zai ji ba, amma da sharaɗi: shi zai zo shago ya zauna kusa da ita har a gama, kuma ya kawo abokansa na ƙungiyar makafi. Ya ce shi ba ya aiki sai da burek mai zafi, wato gasasshen kwaɓin fulawa mai nama a ciki. Ta ce ta ji.

Haka bayan shagonmu ya koma kamar gidan biki. Amija Ziyad yana ƙunƙuni wai an cika masa wuri da sanduna, amma shi yake zuwa sayo burek ɗin. Sanela ta mayar da komai, ba ta bar ko suna ɗaya ba, sai dai ta raba sanarwar gida-gida, kowane sashe da kansa, yadda mutum zai iya tsallakawa da yatsa zuwa inda yake so ko ya koma baya. Launin gefen takarda ma ta sa a riƙa faɗinsa da baki. Teta Remza, wato Inna Remza, wata tsohuwa da aka haifa ba ta gani, ta saurara ta ce duk an yi wa maza, to ina gidan da mata za su zauna tauhidi, wato zaman addu'ar da muke yi lokacin da maza suke maƙabarta. Aka sa shi a sashensa. Wani dattijo mai rawar hannu ya yi ta taɓa abin da bai nufa ba yana zagin wayar da iyayenta, Sanela ta ƙara girman maɓallan ta raba su nesa da juna. Duk abin da ta gyara sai ta miƙa musu su ɓata, in sun kasa ɓatawa sannan ta yarda.

Fuska ce ta gagara. Sanela ta ce kowane hoto sai an rubuta masa bayani, ta ce in gwada tunda ni nake ganinsu kullum. Na rubuta na farko: tsoho mai furfura, sanye da kwat. Na biyu ma kusan haka ya fito. Dedo ya saurara ya ce ai duk na kwatanta shi ne da Nusret da liman da rabin maƙabarta. Teta Remza ta ce ita ba ta taɓa ganin furfura ba, kuma ba ta rasa komai ba. Abin da take so ta ji shi ne da me aka san mutum: mai gasa gyaɗar dutse a bakin gada, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar unguwa guda.

Wannan kuwa ba mu za mu ƙirƙira ba, kada mu ɓata wa masu makoki rai. Sai an tambayi dangi, in sun yarda a sa. Sanela za ta koma Sarayevo. Amija Ziyad ya ce shi muryarsa ta faɗa da inji ce, ba ta tambayar mai kuka ba. Duk suka juyo wajena, har waɗanda ba sa gani.

Na ce ba zan iya ba. Na faɗa a hankali har sai da na maimaita.

Muka bar shago ni da Dedo. A hanyar gida, yana riƙe da gwiwar hannuna, ya ce ba zai tilasta ni ba, dama ya saba da rediyo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na farkon da na tambaya wani magidanci ne da ya zo buga sanarwar mahaifiyarsa. Na gama rubuta komai, ya juya zai tafi, sannan maganar ta fito, idona a kan tebur. Na ce da me aka san ta a gari, saboda waɗanda ba sa ganin hoto. Ya tsaya. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce ita ce mai dafa halawa a kowane mauludi, kuma ba ta taɓa ba kowa sirrin haɗinta ba, har matarsa. Ya yi dariya, ya yi kuka, ya ja kujera ya zauna ya ba ni labarinta. Daga nan na gane yawancin mutane jira suke a tambaye su. Wasu sukan ce a bar shi haka, sai in bari. Har yau gabana yana faɗuwa kafin in buɗe baki, amma ina buɗewa.

Dedo ya ciro wayar daga cikin cokula. Yana saurara kowace safiya, yana tsallake-tsallake da yatsa kamar ɗan zamani, amma kwat ɗin yana cikin kabad. In na ce ga jana'izar wane, sai ya ce gwiwarsa tana ciwo. Tsoron dariyar nan bai sake shi ba.

Farkon sanyi wata mata ta shigo shago, da ganin rigarta ka san daga waje take. Sunanta Belma, daga Ostiriya ta iso. Mahaifinta, Avdo Kadric, ya rasu a wani gidan kula da tsofaffi, ya kuma bar wasiyya a binne shi a garinmu. Sun bar garin tun lokacin yaƙi tana ƙarama. Hoton da take da shi na ƙarshen rayuwarsa ne, ya rame, ba gashi, ba haƙora. Ta ce a buga kaɗan kawai, don ba ta jin akwai wanda ya tuna da shi. Liman ya ce mata washegari zai roƙi waɗanda suka zo sallar azahar su tsaya. Wajen waɗanda aka bari kuwa sunanta ne kaɗai.

Na yi mata tambayata. Ta ce ba ta sani ba, ita ba ta san garin ba. Na yi shiru ban ɗauke hannu daga kan na'ura ba, don ni shiru ba ya ba ni wahala. Can sai ta ce ta tuna abu ɗaya: yana ɗaukarta a wuya su hau rufin masana'antar katako, inda yake kiwon tantabaru, kuma mutane suna kiransa daga ƙasa, Avdo mai tantabaru. Na tambaye ta ko in sa, ta ɗaga kafaɗa ta ce in sa.

Da na koma gida cin abincin rana, tun daga ƙofa na ji muryar Dedo. Yana tsaye tsakiyar ɗaki, kwat a jikinsa, waya a kunne.

"Nusret, tashi ka nemo takalminka. A'a, ba kai ba ne wannan karon, kada ka sa rai. Avdo ne. Avdo mai tantabaru, wanda tsuntsayensa suka ɓata wa manaja sabuwar mota."

Na ji Nusret daga cikin wayar yana cewa ai ya wuce bishiyar ɗazu, ya ga takardar, bai gane kowa ba. Ya tambayi Dedo ko ya tabbata, kada a sake.

"'Yarsa Belma, wadda yake ɗauka a wuya. Na saurara sau biyu. Kai dai kira mutanen sashen zarto, ni zan kira na lodi."

Bai ci abinci ba ranar. Yana gama wannan kira sai ya shiga wani, kowa da irin tsiyar da yake masa. Wanda ya ce ƙafarsa, Dedo ya ce a ɗauko shi a baro. Teta Remza kuma ta ɗauki nata ɓangaren, ta bi matan tsofaffin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya.

Washegari, da yake Belma ba ta da gida a garin, a ɗakin mata na masallaci aka yi tauhidi. Na je, na zauna kusa da taga. Belma ta shigo tana zaton mu biyu ko uku za ta tarar, sai ta ga ɗaki ya cika har ana matsawa, tsofaffin mata suna jawo ta suna shafa fuskarta suna cewa ga idon Avdo nan. Ta juyo ta kalle ni. Na nuna mata taga.

Harabar masallaci ta cika har bakin titi. Tsofaffi ne da huluna da sanduna, wasu 'ya'yansu sun riƙo su, har da Kiristocin da suka yi aiki a masana'antar suna tsaye daga gefe, hula a hannu. Dedo yana sahun farko. Da aka idar da salla maza suka yi layi biyu, aka ɗaga makara tana tafiya daga hannu zuwa hannu kamar yadda ake yi. Na ga Nusret ya kama Dedo zai ja shi gefe, Dedo ya fizge, ya miƙa masa sandar ya riƙe. Ya ɗaga hannu sama yana jira. Makarar ta iso, tafinsa ya same ta, ya tura ta gaba, sannan ya bi kafaɗar na gabansa ya sake shiga layi can gaba don ya ƙara ɗauka. Belma ta damƙe hannuna har ya yi zafi, ni ma ban janye ba.

Sai bayan la'asar Dedo ya dawo, takalmansa duk taɓo, yana warin kofi da taba. Ya ce a shagon kofi an ba shi kujerar kusa da murhu, kuma masu ido suna ta tambayarsa yadda aka yi ya gane Avdo su ba su gane ba. Ya ce musu su riƙa zuwa wajensa da safe yana karanta musu. Ya rataye kwat a bayan ƙofa, ya cinye abincin rana da na dare a zama ɗaya.

Yana cikin shan shayi ya ce akwai wata ta'aziyya a ƙauyen su mahaifiyarsa ranar Juma'a, kuma shi kaɗai zai je, a motar haya. Ya ɗauki waya ya shiga shafin kamfanin motocin ƙauyuka don ya ji lokacin tashi. Ya ja yatsa, ya saurara, ya sake ja, sannan ya juyo da fuskarsa wajena. Jadawalin nasu ma hoto ne.

Washegari da safe, kafin in buɗe shago, na biya ofishin kamfanin a tasha. Na tambayi matar da ke sayar da tikiti wa yake kula da shafinsu. Ta ce bai iso ba, kuma ba ta san lokacin zuwansa ba. Na ce ba komai. Na kira Amija Ziyad na ce zan makara, na samu benci kusa da ƙofar, na zauna ina jiransa.